Neman gurbin karatun jinya: a faɗa wa kowa lambarsa a layi

Satin da makarantun jinya suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, wata maƙwabciyarmu ta yi sallama a gidana riƙe da wata farar leda. A ciki akwai kwafin sakamakon NECO na 'yarta, da takardar JAMB, da shaidar ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo an ɗaure su da kyauro. Gefen takardun duk ya yi laushi saboda yawon hannu. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ba wani abu ne ya kawo ni ba. Ko ka san wani a ciki? Bana ma sunan yarinyar nan bai fito ba."

Na ce, "Hajiya, nawa ta ci a jarrabawar da makarantar ta yi musu?" Ta ce ba a faɗa musu ba. Mutum nawa za a ɗauka? Ba su ji ba. A maki nawa aka tsaya? Allah masani. Abin da suka sani kawai shi ne an liƙa sunaye, an ce a saurari jeri na biyu, kuma wata da suka yi aji ɗaya da yarinyar, wadda kowa ya san ba ta kai ta ƙoƙari ba, tuni tela ya auna ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ta zo da ita. Uwa ce mai son 'yarta ta yi karatu, amma ko kusa ba ta kawo a ranta cewa tana da haƙƙin sanin makin 'yar ba. An riga an koya mata, kamar yadda aka koya mana duka, cewa ƙofar makarantar jinya da sunan wani ake ƙwanƙwasa ta.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, don haka duk shekara sai na ga irin wannan leda. Matsayina kuwa shi ne: ƙayyade yawan waɗanda za a ɗauka karatun jinya daidai ne, ko da layin zai kai bangon duniya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mutum yana cikin layi bai san shi ne na nawa ba. Kowace makaranta ta faɗi gurabenta kafin ta sayar da fom ko ɗaya. Ta liƙa makin duk wanda ya zauna jarrabawarta. Waɗanda ba su shiga ba ta jera su da lamba bisa makinsu, kowa ya gani, duk gurbin da ya faɗo a wannan shekarar a kira na gaba.

Duk wanda ya taɓa bin layin ruwa a famfon unguwa ya san tsawon layi ba ya kawo faɗa. Jarkoki sai su kai hamsin, kowa ya ajiye tasa ya tafi sha'aninsa, don ya san wadda ke gabansa da wadda ke bayansa. Ranar da aka ga jarkar wani ta tsallako daga baya, ranar ake dambe.

Me ya sa kowa jinya yake so?

Aiki ne da ake ganin amfaninsa da ido. Mai digiri a wani fannin yana iya shekaru yana yawo da takardu, amma mai lasisin jinya ko gwamnati ba ta ɗauke ta ba, asibitin kuɗi zai ɗauka, ko ƙungiyoyin agaji, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Uban da zai yi gardama a kan 'yarsa ta karanta aikin jarida ko lauya, da an ce jinya ko ungozoma sai ya ce Allah ya yi albarka, don ya san matan gidansa ma mace suke so ta duba su. Miji ma haka. Ga kuma maganar fita waje, wadda a da muke ganin ta 'yan Kudu ce, yanzu samarinmu ma sun gano hanyar Ingila da Saudiyya.

Guraben kuwa ba makaranta ce ke yanka wa kanta ba. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, NMCN, ita ke zuwa ta duba azuzuwa da ɗakin gwaji da malamai da asibitin da za a yi aikin koyo, sannan ta ce ga adadin da za ku ɗauka. Wannan adadin take yi wa rajista, kuma ɗalibin da ba ya cikin rajistar ba zai zauna jarrabawar lasisi ba, ko ya shekara goma a aji.

Sharaɗin shiga kiredit biyar ne: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu. A da shekara uku ake yi. Yanzu an mayar da makarantun kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma, wato ND da HND, a shekara huɗu, ta JAMB ake shiga. Na jami'a, kamar a ABU da BUK da Ɗanfodiyo da Maiduguri, shekara biyar ne. A 2025 JAMB ta sa 140 a matsayin mafi ƙarancin makin kwalejojin jinya. Wannan makin na shiga zaure ne kawai. Dubbai ne ke haye shi, kujerun aji kuwa ƙidayayyu ne.

"Ai ma'aikata muke nema, a ɗebi kowa mana"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma masu kawo ta ba su yi ƙarya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, haihuwar da ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya nuna cewa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ciki ko haihuwa ya kashe a duniya 'yan Najeriya ne. Kowannenmu ya san gidan da aka yi zaman makokin jijjiga ko zubar jini ko doguwar naƙuda. To ga yara suna roƙon a koya musu aikin, me ya sa ake korar su?

Saboda a bakin gado ake koyon jinya, gadon kuma ba ya ɗaukar taro.

Na taɓa jinyar wani ɗan'uwana a wani babban asibitin gwamnati, lokacin ɗalibai sun zo aikin koyo. Da safe sai su shigo ɗakin a ayari, fararen kaya tsaf, kowa da ɗan littafinsa a aljihu. Sista ɗaya ce a kansu, kuma ita ce ke da marasa lafiyar ɗakin gaba ɗaya. Ta zo za ta sa wa wani tsoho ƙarin ruwa, ɗalibai suka yi mata rumfa. Na gaba, su huɗu ko biyar, sun ga yadda ta ɗaure hannun, ta laluba jijiya da yatsa, ta soka. Na baya ƙeyar 'yan'uwansu kawai suke gani. Wata tana ɗaga wuya tana tambayar ta gabanta, "Ta samu?" Da aka gama, duk suka miƙo littafi a sa musu hannu cewa sun ga yadda ake yi.

Wadda ke bayan nan, nan da 'yan shekaru ita za a tura asibitin ƙauye. Ita kaɗai da tsakar dare, babu likita, babu wuta sai fitilar waya, a kawo mata mace tana zubar da jini bayan haihuwa. Jijiyar da ta ɓuya saboda jini ya zuba, ita za ta nemo ta, kuma babu Sistar da za ta kira.

Ɗalibar ungozoma akwai adadin haihuwar da dole ta karɓa da hannunta kafin ta gama. Idan aka ninka ɗalibai, matan da ke zuwa haihuwa asibitin ba za su ninku ba don an ƙara ɗalibai. Ƙarshenta sai a koma sa hannu a littafi a kan abin da ba a yi ba, a yaye mutum da lasisi mai kyau da hannu mai rawa.

Gwamnatin tarayya ma ta riga ta buɗe ƙofar sosai. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da ɗaga guraben jinya na ƙasa daga 28,000 zuwa 64,000, a 2025 kuma aka sanar da 115,000. Ban ƙi ba. Sai dai lamba a takarda ba ta koyar da kowa. Malamin jinya sai ya zama nas tukuna, ya yi aiki, ya koma ya karanto koyarwa, kuma masu irin wannan gogewar ne ƙasashen waje suka fi zawarci. A watan Fabrairun 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. A cikinsu akwai waɗanda ya kamata a ce su ne ke tsaye a kan ɗalibai a ɗakin marasa lafiya. Hukumar ta yi ƙoƙarin tare ƙofa a lokacin, ta ce sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita, ma'aikata suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas. Ni dai ban taɓa ganin inda kulle ƙofa ya zaunar da mai jin yunwa ba.

Gwamnan da ke son ƙarin gurabe a jiharsa, hanyar a bayyane take. Ya ɗauki malamai, ya biya su abin da zai zaunar da su, ya gina ɗakin kwanan ɗalibai, ya gyara asibitin koyo, sannan ya gayyato hukuma ta duba. Haka Jigawa ta samu makarantu a Haɗeja da Ɓaɓura bayan ta Birnin Kudu, Kano ta samu a Madobi da Ɗambatta. Sabuwar makaranta kusa da wani asibitin daban tana nufin sababbin gadaje da sababbin masu haihuwa da ɗalibi zai koya a kansu. Cusa mutum ɗari uku a ajin mutum ɗari ba ya kawo ko ɗaya daga ciki.

Abin da ake yi a cikin duhu

A fara da fom. Makarantar da ta san kujerunta ba su wuce ɗari ko ɗari biyu ba, sai ta buɗe sayar da fom ba iyaka, ba ta faɗi adadin ba. Da za a rubuta a saman tallar cewa mutum kaza za mu ɗauka, bara kuma a maki kaza muka tsaya, da iyaye da yawa sun yi wa kansu hisabi sun riƙe kuɗinsu, ko su nemi wata makarantar da 'yarsu ke da dama a cikinta. Rashin faɗar nan ba mantuwa ba ce. Kuɗin fom kuɗin shiga ne.

Sai jarrabawar tantancewa da intabiyu. A yi jarrabawa a kwamfuta, wadda ke iya nuna wa yaro makinsa kafin ya tashi daga kujera, amma a ce masa ya je sai ya ji daga gare mu. Tsakanin ranar jarrabawa da ranar liƙa sunaye, nan ne wayoyi ke aiki. Jeri na farko, jeri na biyu, sai wani na cike gurbi da ba a ma liƙa shi, sai dai ka ga mutum a aji.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne tsohuwar al'adar nan ta ɗibar ɗalibai fiye da ƙima a watanni shida na farko, wato PTS, sannan a yi musu jarrabawar tankaɗe da rairaya a sallami rarar. Masu kare ta suna cewa ai dama ce aka ba kowa ya gwada. Dama ce mai tsada. Uba ya sayar da amfanin gona ko tumakin gida, an biya kuɗin makaranta, an ɗinka yunifom, an sayi farin takalmi da agogon ƙirji da katifa da bokiti. Dangi sun zo sun yi Allah sanya alheri, 'yan unguwa sun fara kiran yarinya "nas", har tsofaffi na kawo mata katin asibiti ta karanta musu. Bayan wata shida sai ga ta ta dawo da akwatinta a cikin a-daidaita-sahu. Wata ba faɗuwa ta yi ba, ta ci, kujera ce babu. Kuma ba a mayar da ko sisi. Idan makaranta ta san mutum ɗari hukuma za ta yi wa rajista, ta ɗauki ɗari. Wanda ya faɗi jarrabawar wata shida don bai iya ba, wannan daban, a sallame shi, a nuna masa takardarsa ya ga inda ya faɗi.

Kayan gyaran kuwa suna nan. Tun 2017 JAMB ke da manhajar CAPS, inda ɗalibi ke ganin ko an ba shi gurbi, kuma ta sha faɗa cewa duk gurbin da aka bayar ba ta nan ba, ba ta san da shi ba. Tunda kwalejojin jinya sun shigo ƙarƙashinta, abin da ya rage shi ne makin tantancewar da makaranta ke yi da kanta shi ma ya fito fili. Wani zai ce liƙa maki tonon asiri ne, yaron da ya ci kaɗan zai ji kunya. A liƙa da lambar jarrabawa, a bar suna. Shi ke nan.

Maganar alfarma

Akwai masu cewa, "Malam, kai ma ka san ƙasar nan. Alfarma ai taimako ce. Ɗan majalisa ko hakimi ko babban sakatare idan an ba shi gurabe biyar, talakawansa yake ba wa." Wani lokacin haka ne. Na san yaran da ta wannan hanyar suka shiga, kuma sun zama ma'aikata na kirki. Amma kujerar da aka ba su ba daga sama ta faɗo ba. Ta wata ce da ta fi su maki, wadda ubanta bai san ƙofar gidan kowa ba. Ita ba za ta taɓa sanin an ɗauke mata ba. Za ta koma gida tana ganin kanta ne bai ja ba, a yi ta ba ta haƙuri ana cewa rabo ne bai tsaga ba. Mai alfarma fuskar wanda ya taimaka yake gani, bai taɓa ganin ta wadda ya ture ba, shi ya sa yake barcinsa lafiya lau.

Kuma abin ba ya tsayawa a alfarma. Duk inda aka san ana shiga ta bayan fage, dillalai za su kafa rumfa. Yau akwai masu karɓar kuɗin iyaye da sunan "akwai mutumina a ciki", alhali wasunsu ko maigadin makarantar ba su sani ba. Su karɓa daga mutum goma. Wanda Allah ya sa sunansa ya fito da ƙoƙarinsa su ce aikinsu ne, har a ƙara musu goro. Sauran a ce su yi haƙuri sai jeri na gaba. Wannan sana'ar duhu ne jarinta, ranar da aka fara liƙa maki ta karye.

Shugabannin makarantun ma, da za su faɗi gaskiya, da yawansu sun gaji. Lokacin ɗaukar ɗalibai wani kashe waya yake yi, wani ya bar gari, don kowace takarda da ke kan teburinsa daga wanda zai iya tsige shi ta fito. Jeri a bango kariya ce gare shi: "Ranka ya daɗe, ga shi nan kowa ya gani, yarinyarka ita ce ta 73 a masu jira, ba ni da yadda zan yi."

Mai son taimakon yaran mazaɓarsa da gaske ya ɗauki nauyin darasin share fage, ya biya musu kuɗin NECO da JAMB, wadda ta ci ya biya mata kuɗin makaranta. Wannan daga aljihunsa zai fita, shi ya sa ba a cika son sa ba.

'Yan ƙauye fa?

A nan dole in rage murya, don hujjar tana da nauyi. Idan maki zalla za a bi, 'yan makarantun kuɗi na birni za su kwashe kujerun. Yarinyar da ta yi sakandare a garin da babu malamin Fiziks, ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ta fara taɓa kwamfuta ranar JAMB, ba za ta yi gogayya da wadda ake yi wa darasi har gida ba. Kuma ita ce za ta yarda ta zauna a ƙauyen. 'Yar birni da an tura ta, kafin wata uku ta fara neman a dawo da ita, da takardar aure ko ta likita.

Don haka ban ce maki zalla ba. A ware wa ƙananan hukumomin karkara kasonsu, amma a rubuta shi a fili: kujera kaza ta ƙaramar hukuma kaza ce, 'yan can za su kara a tsakaninsu, ga makinsu. Jami'o'in tarayya sun daɗe da irin wannan rabo, kashi 45 cikin 100 na cancanta, 35 na yankin da jami'ar take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. Ana iya sukar rabon, amma dai an san shi.

An ma gwada abin da ya fi haka a nan Arewa. Shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya Borno, ya kawo tsarin shekarar share fage. Mutanen gari su zaɓo 'yarsu, har da matan aure masu goyo, a koyar da ita ta gyara kiredit ɗinta, ta shiga makaranta da ƙafarta, da alƙawarin za ta koma ta yi wa garinsu aiki. Ma'aunin shiga yana nan yadda yake, yarinyar aka ɗaga ta kai shi. Ga kuma karatun ungozoma da jinya na karkara, na shekara biyu, wanda NMCN ta amince da shi saboda wannan buƙatar.

Sai dai kason karkarar ma ana sace shi. Yaron da aka haifa a birni, bai san hanyar garin kakansa ba, sai lokacin fom a je a yanko masa takardar ƙaramar hukuma. A duba inda ya yi firamare da sakandare, a bar maganar inda kaka ya fito. Wanda kuma ya shiga da kujerar ƙauye ya sa hannu zai yi wa ƙauyen aiki na wasu shekaru, a riƙe shi a kan alƙawarinsa. Gwamnati ita ma ta cika nata, ta ɗauke shi aiki. Abin kunya ne a ce ana kukan ƙarancin ma'aikata alhali ga masu lasisi suna aikin sa-kai a asibitin gwamnati shekara da shekaru, ana ba su na mota.

Hanyoyin ratse

Wanda layi ya gajiyar, komai aka nuna masa sai ya ga hanya ce. Makarantun kuɗi sun yawaita. Wasunsu na da cikakkiyar amincewar hukuma kuma suna koyarwa da kyau, mai hali ya kai 'yarsa ba laifi, ya ma rage wa talaka cunkoso. Amma akwai waɗanda gida ne mai ɗaki huɗu aka kama haya, aka kafa allo a ƙofa, aka ɗinka wa yara fararen kaya. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe irin waɗannan makarantun koyon aikin lafiya sama da 20. Yaran da ke ciki, shekarunsu da kuɗin iyayensu sun bi ruwa.

Kafin a biya ko kwabo, a nemi sunan makarantar a jerin da NMCN ke wallafawa a shafinta na intanet, a kuma duba wane karatu aka amince mata da shi, don izinin ungozoma daban, na jinya daban. A tari 'yan ajin ƙarshe a tambaye su ko an yi musu rajista da hukuma. Idan mai makaranta ya ce "muna kan hanya, takardarmu tana Abuja", a bar shi ya iso tukuna.

A kuma daina ruɗa iyaye da farin kaya. Karatun CHEW, wato na ma'aikatan lafiyar al'umma, a makarantun fasahar lafiya karatu ne mai daraja, masu shi ne ma ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocinmu na karkara. Amma ba jinya ba ne, hukumarsu daban, lasisinsu daban. Wanda ya zaɓe shi da saninsa, madalla. Wanda aka ce masa duk ɗaya ne, an cuce shi.

Masu tsallakawa Nijar ko Masar ko Yuganda, ko Sudan kafin yaƙi, su sani cewa takardar waje ba ta ba mutum damar aiki a Najeriya sai ya dawo ya bi tantancewar NMCN ya ci jarrabawarta. Bayan badaƙalar digirin Kwatano, wadda ta sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024, duk uban da bai bincika makaranta ba kafin a yi fasfo, da kuɗinsa yake caca.

Shekarar jira

Abin da nake faɗa wa ɗalibaina da ba su samu ba ba shi da daɗin ji. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake yi, don haka jiran da babu karatu a cikinsa zaman kashe wando ne. Mai rauni a Kemistiri ko Fiziks ta sake zama ta gyara, ta daina jiran wani ya rufe mata ramin. Kada a kafe a kan makarantar cikin birni da kowa ke rububi, ta wata ƙaramar hukumar ko ta maƙwabciyar jiha ma lasisi iri ɗaya ake samowa. Wadda ta samu ungozoma alhali jinya take so, ta karɓa, ana dawowa a ƙaro ɗayan daga baya.

Na kuma ga amfanin zuwa asibitin unguwa a nemi izinin taimakawa, ko da rubuta kati ne da auna nauyin jarirai ranar rigakafi. Wata a nan za ta gane aikin ya dace da ita. Wata kuwa ranar da ta ga ana wanke gyambo za ta gane farin kayan take so, ta bar wa mai so kujerar tun da wuri.

Akwai abu ɗaya da ba a cika magana a kansa ba. Duk shekara ana samun waɗanda aka ba gurbi ba su zo ba. Wani ya samu likitanci a jami'a, wata an yi mata aure an tafi da ita wani gari, wani kuɗin rajista ne ya gagara. Waɗannan kujerun da suka faɗo su ne hajar da ake kasawa a bayan fage, don babu wanda ya san sun faɗo sai na ciki. Ko da majalisun jihohinmu da ma'aikatun lafiya ba za su iya komai cikin abin da na kawo ba, su iya wannan: a sa wa'adin rajista na sati biyu, ranar da ya cika a liƙa yawan waɗanda ba su zo ba, a kira masu jira bi da bi daga lamba ta ɗaya, a aika musu saƙon waya, a kuma liƙa a bango. Ba ya buƙatar kwangila ko ƙarin kasafin kuɗi. Takarda ce da gam, sai umarni a rubuce da shugaban makaranta zai iya nuna wa duk wanda ya kira shi.